Muryar Ɗan Farin Lantana

Ranar da Malam Ibrahim ya buɗe akwatin ɗaukar magana a ƙofar gidan Maigari, mamaci ne ya yi wa mutanen Gangara sallama.

"Salamu alaikum, jama'a. Yahaya ne ke magana, daga Gangara."

Wasu har sun amsa kafin su tuna cewa da hannunsu suka rufe shi da ƙasa a bazara, lokacin da sanƙarau ya ratsa garin. Faifai biyu suna juyawa, siririn zare yana barin wannan yana naɗuwa a wancan, Yahaya kuwa yana ta bayanin yadda ake cuɗa irin gero da magani kafin shuka, har da 'yar dariyar nan tasa ta hanci.

Tun da aka kafa ƙungiyar masu sauraron rediyo a garin, shi ke riƙe da akwatin, yana ɗaukar maganar manoma ana aikawa Yamai. Yanzu Malam Ibrahim ya zo daga Tanut neman wanda zai koya wa aikin. In ba a samu ba, akwati da zarensa za su koma wani gari.

Mazan Gangara, masu shiga rijiya mai zurfi ko gezau, kowa ya sami abin dubawa a tafin ƙafarsa. An riga an yanke magana a kasuwa: akwatin nan shan murya yake yi, wanda ya ba shi tasa kwanansa ya ƙare.

Lantana tana bayan danga cikin mata. Yahaya ɗanta ne na fari, don haka, kamar kowace uwa mai kunya, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, in ya zo gaishe ta kuwa, turmi take kallo ta amsa. Ranar jana'iza ma haƙora ta datse, mata suna yaba dauriyarta. Alhali duk cikin 'ya'yanta babu wanda take so kamarsa, kuma ya tafi bai ji haka daga bakinta ba. Ga shi yanzu ɗan abin da ya rage nasa za a saka a mota a kai wa baƙi.

Ta ja mayafi ta fito fili. "Ɗan nan, a koya mini."

Maigari Barmo ya dube ta sama da ƙasa. "Lantana, ke da kika ruga cikin gero ranar da kika fara ganin mota?"

"Na ruga, ranka ya daɗe. Amma yau ban ga namijin da ya matso ba."

Aka ba su zauren Maigari, ita da Malam Ibrahim.

Malam Ibrahim ɗan Damagaram ne, mai haƙuri, irin waɗanda lakwal, wato makarantar boko, ta cusa wa cewa komai na duniya yana da na fari da na biyu. "Inna," in ji shi, "akwatin nan ba shi da wayo ko kaɗan. Abin da yatsanki ya ce masa shi zai yi, kuma sai bi da bi. In kika sa na biyu gaban na fari, zuru zai yi miki."

Da wani zare wanda babu kowa a cikinsa suka fara. Ta koyi ɗora faifai, ta koyi ratsa zaren ta tsaga, ta koyi mai da shi baya. Hannunta ya tsufa a kaɗin auduga, saboda haka zare bai ba ta wuya ba. Maɓallan ne ta riƙa taɓawa kamar garwashi.

"Farin nan shi ke sa akwati magana," in ji Malam. "Jan nan kuma shi ke sa shi sauraro. Duk abin da kika faɗa sai ya shige ciki."

"Ciki ina?"

"Cikin zaren."

"Inda masu maganar suke?"

"Nan ɗin dai. Amma wannan karatun gobe ne, yau bar shi." Yana naɗe waya ya ƙara da cewa, "Kin san shi ne, Inna, marigayin nan?"

"Ɗan garin nan ne," in ji ta.

Kashegari Juma'a ce. Da rana ta take tsaka, Malam ya bi maza masallaci, ya bar ta da akwati ta ƙara gwada hannu. Tana jin tafiyarsu ta yi nisa, ta ɗauko zaren Yahaya, ta ɗora shi daidai yadda aka koya mata, ta danna fari.

Ya yi sallama. A zauren nan babu kowa sai ita da shi, abin da ba ta taɓa samu ba tun yana goye. Ta amsa, amma bai saurara ba, ya wuce zancen gero. To, ina zai ji ta, akwati magana yake yi, ba sauraro ba? Sai ta mai da zaren farko, ta yi bisimilla, ta danna ja.

"Yahaya."

Sunan ya yi mata nauyi a harshe. Ta sake faɗa. Daga nan bakinta ya ɓalle. Ta gaya masa daren haihuwarsa, da yadda take laɓewa bayan rumbu ta ga wucewarsa gona, da furar da take aika masa a ce daga kakarsa take. Ta yi kukan da ta hana kanta a bazara. Ba ta tsaya ba sai da zaren ya ƙare, wutsiyarsa tana dukan akwati fat-fat.

Haka Malam Ibrahim ya tarar da ita. Ya ga jan maɓalli a danne, ya ga wane zare ne a kai, sai ya zauna daɓas.

"Bari ka gani, na iya," in ji ta. Ta mai da zaren baya, ta danna fari.

Muryar wata tsohuwa ta cika zauren tana kiran Yahaya. Lantana ta karkata kunne tana jiran inda zai shigo. Bai shigo ba.

"Ina ya shiga?"

"Inna, zaren ba ya riƙe murya biyu. In sabuwa ta shiga, sai tsohuwar ta fita. Abin da zan koya miki yau ke nan." Tsohuwar cikin akwati tana ta ba da labarin naƙuda. Ya rufe fuska da hannu. "Ɗanki ne? Don Allah, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta daɗe tana kallon faifan nan biyu suna juyawa.

"Malam, kai ka san akwatin nan. Kafin yaron ya fita, ya ji ni?"

Malam Ibrahim, wanda ba a taɓa yi masa tambaya ya rasa na fari da na biyu ba, ya ce, "Karatuna bai kai nan ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta tsai da zaren, ta mai da shi baya bi da bi, ba kuskure ko ɗaya, ta sake danna fari. Muryar ta kira sunan, ita kuma ta gyara zama tana jiran a amsa.