Matar Dogo

Ina tsugune ina wa Gimbiya wanka a baho wayata ta yi ƙara. Hannuna duk kumfa, da bayan yatsa na danna.

"Matar Dogo ce?" Muryar direban tifar nan ce da ke zaune a bayan layinmu. "Gaɓar ramin yashi ta rufta kan Dogo. An ce in kira ki. Ki zo yanzu."

"Ta rufta kamar yaya? Yana da rai?"

"Ana tono," ya ce, ya kashe.

Dogo mijina ne. Tun yana saurayi unguwa ke kiransa haka, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu. Wata bakwai ke nan yana haƙar yashi a bayan gari, ni kuwa ban taɓa taka wurin ba. Iyakar abin da na sani game da aikin shi ne yashin da nake kakkaɓewa daga aljihunsa ranar wanki.

Ban tuna ko na ɗauraye wa yarinyar sabulu ba. Na goya ta a jiƙe, na kashe risho, na fita, na dawo na sake dubawa. Na jefa gorar ruwa da tsumma mai tsabta da almakashi a jaka. Har yau ban san abin da na yi niyyar yankawa ba. Maƙwabciyata ta ce in bar mata Gimbiya, na ƙi, ban kuma iya faɗa mata dalili ba.

Mai babur ya sauke ni inda tayoyin tifa suka kwaɓe hanya. Na zaci ihu zan tarar, sai na tarar da shiru. Tifa uku a tsaye, duk an kashe su. Zurfin ramin ya kai tsayin gida mai hawa biyu. Bangonsa ja ne daga sama, fari daga ƙasa, an rarake ƙasan har saman ya leƙo kamar rumfa, saboda farin yashin da magina ke so a can ciki yake. Gefe guda na rumfar ne ya faɗo. Maza sun kai ashirin a durƙushe kan tarin suna yaye yashi da hannu, shebur kuwa duk an watsar a gefe.

Na kwarma ihu, "Baban Gimbiya!"

Wani dattijo mai tawul a wuya ya taso da sauri yana kaɗa min hannu. Shi ke raba musu aiki, suna ce masa Sarkin Rami.

"'Yata, rufe baki ki ja da baya. Inda kike tsaye ɗin nan babu komai a ƙarƙashinsa."

Na dubi ƙasa. Wata tsaga siririya kamar zare ta bi ta bayan duga-dugaina. Na tallafe goyona na tsallake ta da baya-baya.

"Baba, don Allah me ya sa suka ajiye shebur? Hannu zai yi me?"

"Shebur bai san kan mutum ba. Shirun kuma saurare muke, in ya yi nishi mu ji inda yake. Ke wace ce?"

"Matar Dogo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Matar Dogo ai ta haife ki."

Ban gane ba. Na ɗauka firgici ne ya juya wa tsohon kai, kamar yadda ya juya min nawa.

Can ƙasa wani ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Suka kifa kunnuwa a kan yashi. Gimbiya ta soma ƙananan kuka, na juyo da ita na toshe mata baki da nono a tsaye, a gaban maza, ban damu ba. Sai wani ya ce, "Nan ne!" Suka taru wuri guda kamar kaji a kan tsaba. Kai ya fara fitowa, sai kafaɗa. Suka kama shi ta hammata suka ja, sai na ga ƙafafun sun ƙare da wuri. Zuciyata ta ce yashi ya yanke su. Na zauna daɓas.

Mutumin ya yi tari ya amayo yashi. Gajere ne, mai tumbi, da furfura a gemu. Ban taɓa ganinsa ba.

Ɗaya daga cikin masu jan ya miƙe, ya yi ta miƙewa har ya kere kowa. Yashi ya rufe masa fuska, idanu kawai ake gani. Ya hauro ta hanyar da tifa ke bi.

"Maman Gimbiya? Me ya kawo ki nan?"

"An ce gaɓa ta rufta kanka."

"Kan Dogo dai."

"To kai wane ne?"

Wani mai haƙoran gaba a waje ya fashe da dariya har yana tari. "Uwargida, wannan ai Gajere ne! A gida ma bai faɗa miki sunansa ba?"

Da ƙyar na haɗa zancen. Ashe kafin mijina ya zo akwai Dogo a wurin, wanda suka laƙaba wa sunan don tsokana. Da nawa ya zo, suka ce rami ɗaya ba ya ɗaukar Dogo biyu, suka mai da shi Gajere. Direban kuwa sabon zuwa ne, Dogon unguwa kaɗai ya sani.

"Kai, wa ka kira?" in ji Sarkin Rami, yana duban direban da ke tsaye a gefe.

"Matar Dogo kuka ce."

"Allah ya shirye ka. Nemo lambar ta gaskiyar."

Da ruwana da tsummana aka wanke wa tsohon da aka tono idanu. Ƙafarsa ta hagu ta karye, suka ɗora shi a gaban tifa ɗaya sai asibiti. Na so in yi hamdala da ƙarfi, harshena ya ƙi, don na san a wani gida wayar wata mata na ƙara yanzu.

"Kai kana ina lokacin da ta faɗo?" na tambayi mijina.

Ya nuna da haɓa. Taku uku ne daga tarin, ƙarƙashin ragowar rumfar da ke rataye har yanzu. Tifa biyu na jira babu kaya, na kuma ji Sarkin Rami yana cewa a huta tukuna, an jima a duba wancan gefen.

Na mayar da Gimbiya baya na ɗaure zani tamau, na gangara inda aka watsar da shebur na ɗauki ɗaya.

"Ina za ki da shi?"

"Gida. Da kai."

"Ba nawa ba ne wannan, na Dogo ne."

Na dubi sauran. Duk iri ɗaya, ƙota ta yi sulɓi, baki ya cinye.

"To nuna min naka."

Ya dubi tarin shebur, ya dubi tifofin, ya dubi 'yarsa da busasshiyar kumfa a bayan kunnenta. Bai nuna ba. Na saɓa wanda ke hannuna na kama hanya, ina kasa kunne ko zan ji takunsa a bayana. A kan yashi kuwa ba a jin taku.