Darajar Digirin Baba

Shekara uku ke nan da buɗe shagona, Baba bai taɓa taka ƙafarsa a ciki ba sai ranar Talatar nan. Aikina buga takardu ne da cika wa mutane fom a kwamfuta, masu neman aiki da masu neman makaranta. A wurin Baba wannan ba aiki ba ne, zaman jiran aiki ne, kuma ya sha faɗa min haka ko da baƙi a wurin. Don haka da na ɗago kai na gan shi tsaye a bakin ƙofa da wata tsohuwar ambulan a hammata, sai na miƙe tsaye. Na zaci rasuwa aka yi.

Ya zauna a kujerar roba da nake ajiye wa masu jira, ya bari sai da mutum biyun da ya tarar suka fita, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba mataimakin shugaban wata makarantar sakandare ne, shekararsa goma sha ɗaya a kan wannan kujera. Yanzu shugaban zai yi ritaya, amma an fito da sabuwar doka cewa babu mai hawa matsayin sai mai digiri na biyu, ko wanda jami'a ta riga ta ɗauka yana karatunsa. Ranar Juma'a za a rufe karɓar fom ɗin shiga jami'ar. Ya ce ba ya son sakataren makaranta ya san sirrinsa, shi ya sa ya zo wurina.

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina yau dai shagon nan ya yi wa Baba rana.

A gidanmu ko ƙaramin yaro ya san darajojin digiri kamar yadda ya san sunayen kwanaki. Akwai daraja ta ɗaya, akwai ta biyu babba da ƙarama, akwai ta uku, sai kuma can ƙasa wadda ake cewa fas, wadda ake miƙa wa mutum don dai ya tattara ya bar musu makarantarsu. Baba da ta ɗaya ya fito. Mun ji wannan a kan tabarmar cin abinci, mun ji a mota, mun ji duk ranar da aka kawo sakamakon makaranta. Takardar kanta ba mu taɓa gani ba, hotonsa ne kawai a falo da doguwar rigar kammala karatu, kuma bai taɓa zuwa ran kowa ya ce a nuna masa ba.

Wannan daraja ce ta raba mu da Yayana. Shekara shida da suka wuce Yaya ya gama jami'a, Baba ya tara abokan aikinsa da 'yan'uwansa a gida tun kafin ya ga sakamakon. Aka ci aka sha, sannan ya ce a miƙo takarda. Daraja ta uku ce. Baba ya karanta ta da ƙarfi har sau biyu, ya ce shi da ya fito da ta ɗaya bai san inda aka samo masa wannan ba, ya ce gara a ce kuɗin makarantar wuta ce ta cinye su. Yaya yana tsaye hannuwansa a baya, bai ce uffan ba. Bayan mako guda ya bar gida. Yanzu aikin shimfiɗa tayil yake yi a wani gari, yana kiran Mama da hantsi lokacin da ya san Baba yana makaranta. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, bayan Baba na bi. Na fito da ta biyu babba ina ɗaga kafaɗa, na ɗauka Yaya ne ya jawo wa kansa. Sai da na girma na ga yadda Mama take ramewa sannan na fara neman hanyar da zai dawo, ban samu ba.

Na buɗe shafin jami'ar na karanto wa Baba sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Ana son digiri na farko mai aƙalla daraja ta biyu ƙarama. Ana son wasiƙar shaida daga malamai biyu, da ɗan bayanin abin da mutum yake son yin bincike a kai. Ana son hoton kowace takardar makaranta. Masu daraja ta uku kuma sai sun fara yin difloma ta shekara guda kafin a duba su. Har na yi dariya na ce wannan layin bai shafe mu ba. Baba bai yi dariya ba, ya ce in ci gaba.

Ya riƙa zaro takardun daga ambulan yana miƙo min, ta haihuwa, ta firamare, ta sakandare, ina sa su a na'urar ɗaukar hoto. Da aka zo kan ta digiri sai ya miƙe tsaye ya ce wannan da kansa zai saka, takarda ce tsohuwa, kada in yage ta. Ya kife ta a kan gilashin, ya rufe murfin, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya danne kamar za ta tashi sama. Ya ce in danna.

Baba mutum ne da har yau da biro yake rubuta komai. Bai san cewa abin da aka kife a cikin na'urar nan take yake fitowa a fuskar kwamfuta ba. Na danna, haske ya wuce ta ƙarƙashin hannunsa, takardar ta cika min allo ɓaro-ɓaro. Ga sunansa, ga hatimi, ga shekarar. A wurin daraja an rubuta fas.

Na karanta, na sake karantawa. Na ƙara girman rubutun ko datti ne a gilashi. Ba ta biyu ba, ba ma ta ukun da aka kori Yaya a kanta ba. Mutumin da ya hana mu sakat shekara ashirin da wani abu, ashe Yaya ya fi shi.

Shi kuwa ya zare takardarsa ya mayar cikin ambulan, ya zagayo ya tsaya a bayana don ya ga inda aka kai. A nan ya ga abin da nake kallo. Na ji numfashinsa ya tsaya a saman kaina.

Wata mata ta leƙo da takardu a hannu, na ce mata babu wuta, alhali fanka tana juyawa. Da ta tafi Baba ya koma kujerar roba ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa babu hula a wajen gida ba.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana, "a wurin da ake zaɓa, ki zaɓi ta biyu. Hoton kuma ku kun san yadda kuke yi."

Na ce masa ko na yarda ba zai yiwu ba. Akwai sharaɗi ɗaya a ƙasa da ban kai ga karanto masa ba: tsohuwar jami'arsa ce za ta aika cikakken sakamakonsa kai tsaye, darasi bayan darasi, ba ta hannunsa ba. Idan aka ga saɓani, ba shiga kawai zai rasa ba, har wurin aikinsa za a rubuta.

Ya tambaya a hankali ko ita diflomar fa. Na duba. Daga daraja ta uku take farawa. Na buɗe masa jerin da ake zaɓa a ciki ya gani da idonsa, guda huɗu ne, babu gurbin fas ko kaɗan. Ya matso da fuskarsa kusa da allon yana bin su da yatsa, sai da ya kai ƙarshe ya koma farko.

Raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya kama ni, na rasa wanne zan bi. Ya mayar da hularsa, ya ɗauki ambulan, ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo.

"Kada yayanki ya ji."

Abin da ya ce ke nan. Bai ce kada Mama ta ji ba, bai ce kada abokan aikinsa su ji ba. Na bi shi da kallo yana tsallaka titi, har wani mai babur ya yi masa tsawa bai waiga ba.

Ko minti goma ban yi ba na ja ƙofar shago na kira Yaya. Ban yi shawara da kowa ba. A ganina na samu abin da na daɗe ina nema: idan Yaya ya ji, nauyin da yake ɗauke da shi zai sauka, ya shigo gidan ubansa da kansa a sama, Mama ta huta. Ya ɗauka ana ta ƙarar injin yankan tayil a bayansa, ya ce in dakata ya fita waje. Na zayyana masa komai, har da yadda Baba ya danne murfin da hannu.

Na jira ya yi salati ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba.

"Na sani," in ji shi.

Na ce me ya sani. Ya ce tun yana aji biyar na sakandare Baba ya aike shi ya ɗauko takardar haihuwarsa a cikin akwatin ƙarfe na ɗakinsa, a nan ya ga takardar digirin, ya karanta, ya mayar yadda take. Na zauna a kan kwalin takardu. Na ce to ranar da aka tara mutane, yana tsaye ana karanta masa sakamako sau biyu, duk ya sani? Ya ce ya sani mana. Na ce don me bai buɗe baki ba, kalma ɗaya da ta ishe shi.

"A gaban abokan aikinsa? Ubana ne fa."

Kuka ya ƙwace min. Na ce to yanzu ai magana ta ƙare, ya dawo gida, babu sauran abin da Baba zai ce masa. Ina jin ana kiransa daga cikin ginin.

"Ba ki gane ba, ƙanwata. Ba zaginsa ne ya kore ni ba. Kallonsa ne na kasa yi yana faɗin abin da na san ba haka ba ne. Ina jira ne ya yi ritaya ya daina maganar, in dawo. Amma idan ya san na sani, shi ne ba zai iya zama ɗaki ɗaya da ni ba har ya mutu." Ya ja numfashi. "Ki je gida yau ki gaishe shi kamar kullum. Idan ya tambaye ki, ki ce ba ki kira ni ba."

Na ce masa Baba yana gane ƙaryata tun ina ƙarama, kallo ɗaya yake min.

Ya ce to sai in koya, shi ma koya ya yi.