Baiwar Ya Zara

Butar ce ta fara fitowa daga ɗakin, sannan yarinyar ta biyo bayanta a guje.

Ina tsakar gidana ina tankaɗe. Ni ba mai leƙen gidan mutane ba ce, kowa a Birni zai shaide ni, amma katangar da ke tsakanina da Ya Zara damina ta cinye rabinta, ko ban so ba sai na gani. Farida ce tsaye, farar rigarta a jiƙe sharkaf. Ita ce majo, wato ma'aikaciyar asibiti, ta uku da Nazir, ɗan Ya Zara da ke aiki a Yamai, ya ɗauka ta yi jinyar uwarsa tun da tsohuwar ta zame a bakin randa ta karye a ƙugu.

"Inna Rahina, wallahi ban yi mata komai ba," in ji Farida. "Sannu kawai na ce."

"Ai sannun ce!" Ya Zara ta ɗago murya daga ciki. "In yi tari, sannu Mama. In juya, sannu Mama. Zaman makokina kike yi tun ina da rai?"

Ya Zara Babarbariya ce, sana'arta haɗa turaren wuta, kuma babu amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu ba da ƙamshin hannunta ba. Sai ga yarinya ƴar shekaranjiya ta zo ta hana ta gishiri, ta hana ta goro, ta ɗauke kaskon turaren ta kife a bayan ɗaki wai hayaƙi yana taɓa ƙirji. Ni kaina da aka yi mini haka, da turmi zan jefa.

Na zagaya ɗakin Ya Zara na kira Nazir a wayata, don tata ta daɗe a cikin randa, kuma ba faɗawa ta yi ba.

"Ya, kin kori ta farko, kin kori ta biyu," ya ce. "In kika kori wannan, zuwa zan yi in ɗauke ki mu taho Yamai."

"A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na haife ka. Daga nan sai kushewa."

"To wa kike so ya kula da ke?"

Ta dube ni. "Kin ji, Rahina? Sai yau wani ya tambaye ni." Ta matso da bakinta kusa da wayar. "A kira mini baiwata Zainaba."

Nazir yana sauri zai shiga taro a biro, wurin aikinsa, ya ce duk wadda take so.

Zainaba ba baiwar kowa ba ce. Bafulatana ce daga wajen Garagumsa, ta tsufa tana tallan nono a lungunan Birni. Kun san Barebari da Fulani abokan wasa ne, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, zagi a tsakaninsu ba laifi ba ne. To waɗannan biyun sun kai wasan inda ba a kai shi. Tun aka kawo ni unguwar nan ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba.

Washegari ta iso da ƙwaryarta a ka, ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙa.

"La ila! Ke har yanzu ba ki mutu ba? Ni da na zo gadon kasko?"

"Shigo, mai tsarma nono da ruwan rijiya. Dubi ƙafafu kamar sillen kara."

Ranar na ji dariyar Ya Zara, wadda rabona da ita tun kafin ta faɗi. Ta sha fura har tana neman ƙari.

Haka suka zauna. Zainaba ta tono kaskon ta kunna a bakin ƙofa inda hayaƙin zai fita, tana toshe hanci wai warin Barebari zai kashe ta. Ita ke ɗaga ta, ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, kuma ba ta taɓa yin ko ɗaya bakinta a rufe ba. Maganin da Farida ke lallashi rabin yini kafin a sha, Zainaba sai ta ce, "Kar ki sha, ni ma na gaji da ke." Nan take za a haɗiye shi don a ba ta haushi.

Ana nan sai ga Nazir babu sanarwa. Ya bar motarsa a bakin titi, don lungunmu ko amalanke da ƙyar take shiga. Yana sa ƙafa a zaure ya ji ana cewa, "Buɗe baki, tsohuwar banza, kin zauna kin zame wa mutane kaya!"

Yaron nan tun yana ƙarami lekol, makarantar boko, ta ɗauke shi, wasan Fulani a bakin kasuwa ya san shi, bai taɓa jin sa a bakin gadon mara lafiya ba. Ya faɗa ɗakin.

"Uwata kike zagi? Uwata? Fita!"

Na yi ta ƙwala masa kira ta kan katanga, ina! Zainaba ta ajiye ludayin a hankali, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ba ta ce uffan ba. Wannan shirun nata ya fi komai tayar mini da hankali.

Nazir ya ce gobe sai Yamai. Akwai ɗaki mai sanyi, akwai lokotoro, wato likita, a maƙwabta, akwai gado mai ɗagawa da kansa. Ya Zara ta juya fuskarta bango. Aka kawo kunu ta ƙi, aka kawo romo ta ƙi. Da la'asar ya durƙusa a gabanta.

"Ya, sannu. Don Allah ki ci wani abu."

"Kai ma sannun?" Ta juyo. "Nazir, ka sayi magani, ka ɗauki ma'aikata, Allah ya yi maka albarka. Amma jikin nan nawa ne, ni zan faɗi hannun da zai taɓa shi. Dukanku kallon gawa kuke yi mini. Ita kaɗai ce in ta shigo take ganin Zara."

Ya daɗe a durƙushe. Da ya fito idonsa ja, ya tambaye ni inda Zainaba take kwana.

Abin da ya biyo baya, har yau ana ba da labarinsa a Birni. Zainaba ta ce za ta koma, amma ɗan baiwarta ba zai tafi hannu sake ba ita tana ɗauke da kaya. Sai ga babban ma'aikacin Yamai, da takalmi mai ƙyalli, ya ratso lungu da ƙwaryar nono a ka, yana tafe tana tangaɗi, ita kuma tana bayansa tana cewa, "A hankali, bawa, kar ka zubar mini." Mata har kan soro suka hau.

Motar ta koma Yamai babu Ya Zara. Ita da kanta ta tsara yadda za a yi: Farida ta riƙa zuwa da safe ta auna tansiyo, wato hawan jini, ta yi allura, amma ta bar sannunta a zaure tare da takalmanta. Gishiri kaɗan. Goro ɓari. Sauran duka na Zainaba.

Ya Zara ta ga ƙarshen damina a ɗakinta. Jikin yana ta raguwa, bakin dai yana nan. Ranar da abin zai faru, da hantsi, na ji Zainaba tana cewa, "Tashi ki sha, raguwar Babarbariya." Na ji an amsa can ƙasa-ƙasa, "Wa zai sha... ruwan rijiya." Na yi dariya na ci gaba da wankina.

Bayan azahar na ga Zainaba a bakin katanga, ta dafa ta da hannu biyu.

"Rahina," ta ce. "Na zage ta, ba ta rama ba."

Ita ta yi mata wankan gawa, domin wasiyyar da Ya Zara ta bari ke nan. Na zuba mata ruwa, ina jin ta tana magana a hankali cikin Fulatanci, kuma ko ban iya yaren ba na san wannan ba zagi ba ne.

Da maza suka ɗauke ta gidan ya cika da ƴan gaisuwa, kowa sannu, kowa sannu. Zainaba ba ta shiga cikinsu ba. Ta ɗauko kaskon ta zauna a dokin ƙofar ɗakin, ta hura garwashi, ta zuba ɗan turaren da ya rage a kwalba. Hayaƙin ya taso mata a fuska, ba ta toshe hanci ba.