Rigar Sulken Auta

Baduku mutum ne da ba ya son aikin ha'inci, kuma ba ya ɓoye ƙin. Shekara arba'in da ɗoriya yana zaune a rumfa ɗaya bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai faci, yana ɗinkin jaka da ɗamara da kube. In ka kawo masa jakar da wani ya ɗinka, sai ya fara juya cikinta waje, ya nuna maka inda aka cuce ka a zare, sannan ya amsa gaisuwarka.

'Ya'yansa shida, biyar sun kama gabansu. Ta ƙarshen, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ta karanci jinya, ta kuma shiga rundunar masu gadin daji, waɗanda ke fama da ɓarayin namun dawa masu yawo da bindiga. Wata uku tana horo, abu ɗaya ya rage mata, gwajin tsai da jini. Mutum zai sa rigar sulke da kayanta duka, ya sheƙa da gudu, ya durƙusa kan abokinsa da ke kwance, ya yanke masa hannun riga, ya ɗaure damtsen da maɗauri kafin sakan talatin ya cika. Sau biyu Auta tana faɗuwa. Ba a yi wa kowa na huɗu. In gobe ma ta faɗi, sito za a tura ta, ta ƙare tana ninke barguna, 'yan'uwanta su shiga daji ba ita.

Da la'asar ta iso rumfar, rigar rataye a kafaɗa, fuska ba annuri. Ta tarar da Innarta ta kawo wa tsohon abinci, tana zaune kan tabarma tana jiran kwanonta.

"Sannu da aiki, Baba."

"Ajiye nan mu gani," in ji shi.

Ta dire rigar kan teburin aiki, teburin ya yi ƙara. Baduku ya gyara zaman tabarau. Riga ce mai kaurin gaske, da farantin tare harsashi a aljihun gaba, da wani a na baya. Ko'ina a jikinta an ɗinka layukan maɗauri jere-jere kamar kunyoyin gona. Kowace 'yar jaka tana da wutsiya biyu a bayanta, waɗanda ake cusawa cikin layukan a danne maɓalli. Ya kama jakar almakashi ya jijjiga, ta yi reto kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Wane maƙiyin Allah ya jera miki wannan?"

"Ni ce, Baba."

"To kin ji sunanki. Saƙa ake yi, ba zurawa ba. Wutsiya ta shiga layin riga, ta fito ta shiga layin jaka, ta koma na riga, har ƙasa. Ke kin tsallake biyu kin ɗauki ɗaya. A rumfar nan kika yi rarrafe, amma ki yi min aikin 'yan kasuwa?"

"Malam, yarinya ta zo da damuwarta, kai kuma ka buɗe kotu," in ji Inna.

"Kotun ce za ta fisshe ta. Sa rigar."

Auta ta sa. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsaya a gabanta ya ƙwanƙwasa farantin da ɗan yatsa.

"Wannan me yake karewa a nan, tumbi? Zuciyarki a cibiya take?"

"In na ɗaga shi yana danne min numfashi."

"Ya danne. Numfashin da ake dannewa shi ne mai shi yake da rai." Ya ja maɗaurin kafaɗa, farantin ya hau har ya kusa ramin wuya. "Yanzu nuna min abin da yake kayar da ke. Innarsu, kwanta, ke ce aka harba."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! A harbi maƙiyina." Amma ta kwanta, tana gyara mayafi. "Ke kuma kada ki tsinke min hannu, da shi nake tuƙa muku abinci."

Baduku ya cire agogonsa ya riƙe. Ya ce, "Fara." Auta ta durƙusa, hannun dama ya zaro almakashi, ta yi kamar ta yanka, ta fizgo maɗaurin, ta zura a damtsen Inna, ta ja, ta murɗa sandar da ke jikinsa. Sakan ashirin da bakwai. Aka sake, ashirin da takwas.

"To ina faɗuwar?"

"A can ba haka ba ne, Baba. Saje yana tsaye a kanka yana ihu, wani yana harba bindiga sama. Ban san me yake faruwa ba, sai dai in ji an ce arba'in."

"Sake."

Ta tashi ta koma bakin rumfa, ta rugo. Gwiwarta na taɓa ƙasa, tayar da mai faci yake hurawa ta fashe, fam! Tantabarun kan waya suka watse. Inna ta yi salati. Baduku kuwa ko ƙiftawa bai yi ba, don idonsa yana kan 'yarsa, kuma ya ga abin da ya gani. Hannunta na hagu ne ya fara zabura. Ya daki gefen rigar na hagu, inda ba komai sai jakar oba-oba, rediyon da suke magana da juna. Ya lalaba, bai sami almakashi ba. Sai ya tsaya cak, ya janye ya koma bayanta ya ɓuya, kamar ɓarawon da aka haska wa fitila. Sannan na dama ya taso.

Sakan arba'in da ɗaya.

Tsohon ya koma kan kujerarsa ya zauna. Inna ta tashi zaune tana dubansa. Shi ya san hannun nan, ya kuma san wanda ya koya masa ɓuya. Tana 'yar shekara huɗu ta riƙa kai hagu cikin kwano, tana karɓar abu da shi a gaban baƙi. Ya yi faɗa, ya yi tsawa, ba ta bari ba. Sai ya zauna a kan wannan teburin ya yanki fata mai laushi, ya ɗinka 'yar jaka daidai dunƙulen hannunta, da zariya a baki. Wata biyar ana ɗaure mata in za a ci abinci ko za ta riƙe alƙalami. Ya yi alfahari da aikin a lokacin, har maƙwabta suka zo aro.

"Auta," ya ce, "ke bahaguwa ce."

"Haba Baba. Ai ka raba ni da wannan tun ban san kaina ba."

"Na raba ki da shi a kwano da alƙalami. Ban raba ki da shi a firgita ba. In kina cikin natsuwa, hannun da na koya miki ne yake aiki. In aka razana ki, wanda Allah ya ba ki ne yake tashi. Ya je bai sami komai ba, sannan ya tuna ana dukansa, ya gudu. Nan sakan goma sha ukunki suke tafiya."

Auta ta dubi hannun kamar yau ta fara ganinsa.

"Na faɗa maka tun a lokacin," in ji Inna a hankali.

"Kin faɗa." Ya cire tabarau ya goge. "Jakar da na ɗaure mata hannu da ita, ɗinkinta ba aibu, ko zare ɗaya bai kwance ba. Amma ban taɓa yin mummunan aiki kamarta ba. Cire rigar."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma a bakin Baduku wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ya jawo basilla da zare. Auta ta yi wuf ta dafe rigar.

"Baba, kayan hukuma ne! Allura ba ta taɓa shi. Kuma akwai doka. Ka ga wannan mai jan ƙyalle? Jakar magani ce, kowa a ƙugun dama yake sa ta. In na faɗi, wanda zai cece ni ba zai tsaya nema ba, ko ido rufe ya san inda take."

Tsohon ya jinjina kai. "Wanda ya kafa wannan doka yana da hankali. Ta zauna inda take. Sauran fa, dokar ta ambace su?"

Ta girgiza kai. "A'a. Kowa dai yadda ya ga na Saje haka ya jera."

"Saje bahago ne?"

"A'a."

"To Saje ya jera wa hannunsa. Ku kuma kuka bi kamar tumaki."

Ya mayar da basillar cikin gwangwani. Ya ɓalle jakunkunan ɗaya bayan ɗaya ya jera su kan tebur, ban da mai jan ƙyalle. Ya sa ta mayar da rigar, ya ce ta rufe ido, ta saki hannun hagu ya faɗi inda yake so. Inda ya sauka, nan ya sa wa alli. Almakashi ya koma can, kunnuwansa suna kallon gaba. Jakar bandeji ta bi bayansa. Oba-oba ta ƙaura kafaɗar dama, inda wayarta ba za ta harɗe komai ba. Maɗaurin jini kuwa tsakiyar ƙirji ya kai shi, ƙasan faranti.

"Wannan ba na hagu ba ne, ba na dama ba. Ba ki san wane hannu za a bar miki ba ranar da za ki nema."

Ya saƙa kowace wutsiya da bakin cokali, layi bayan layi, bai tsallake ko ɗaya ba. Yatsun sun tsufa amma ba su manta ba. In ya gama jaka sai ya kama ta ya ɗaga rigar duka da ita. Wadda ta motsa, ya kwance ya sake.

Sannan ya leƙa waje. "Kai mai faci! Tunda ka iya firgita mutane, zo da gudumarka da tsohon kwano."

Haka suka yi ta yi. Mai faci yana dukan kwano a bayan kunnenta, Baduku yana daka tsawa, Inna tana kwance tana cewa hannunta ya mutu, sai an biya ta diyya. Karon farko hagun ya je ya taɓa almakashi, ya saki, ya nufi baya.

"Dawo da shi!" in ji tsohon. "Ba mai dukansa. Ni ne mai dukan, na ce ya fito!"

Sun yi ya fi sau talatin kafin a kira magariba.

Washegari da hantsi iyalai suka taru a bayan wayar da ta shinge filin horo. Baduku ya sa babbar rigarsa, ya tsaya ƙiƙam, ya ƙi kujerar da aka miƙo masa. Saje, wani gajere mai muryar mutum uku, yana bin layi yana duba rigunan. Da ya iso kan Auta ya tsaya. Ya fara taɓa mai jan ƙyalle, ya same ta a wurinta. Ya kama jakar almakashi ya fizga, Auta ta yi taga-taga, jakar ba ta motsa ba.

"Ke, me ya kai kayanki hagu?"

"Bahaguwa ce ni, ranka ya daɗe."

"Yau kika sani?"

"Jiya, ranka ya daɗe."

Layin ya ɗauki dariya. Saje ya harare su, suka haɗiye. Ya koma gefe ya ɗaga agogo, ya busa usur.

Ta rugo. Aka harba bindiga sama, ƙarar ta daki ƙirjin kowa. Inna ta rufe fuska da mayafi. Baduku ya ga hagun ya tashi, ya sauka kan almakashi kamar dama can gidansa ne. Ƙyalle ya rabe. Maɗauri ya fito, ya shiga damtse, aka ja, aka murɗa. Ta ɗaga hannu.

Saje ya dubi agogo, ya kai shi kunne, ya sake dubawa.

"Ashirin da ɗaya!" Ya juyo ga sauran. "Kun gani, ragwaye? Kuma ku zo ku ga yadda ake saƙa jaka. Ke, wa ya koya miki?"

Ba ta kai ga amsawa ba, murya ta taso daga bayan waya.

"'Yata ce! Bahaguwar nan 'yata ce!"

Mutane suka waiwayo. Inna ta ja masa hannun riga. "Malam, a gaban jama'a?"

"Su ji. Wanda bai ji ba a faɗa masa."

Da aka sallame su Auta ta nufo wayar da gudu, rigar tana jikinta, hular ƙarfe a hannun dama, takardar shiga daji a na hagu. Ta zura takardar ta ramin waya. Sai ta ga da hannun da ta miƙa, ta yi sauri za ta sauya.

"Bar shi," in ji Baduku.

Ya sa hannu biyu ya karɓa. Bai iya karanta abin da ke ciki sosai ba, bai kuma nema ba. Ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji, ya zura yatsunsa ta wayar ya riƙe hannun. Sannan idonsa ya sauka kan kafaɗarta.

"Maɗaurin nan ya sassauta," ya ce. "Matso in ja miki."