Muryar Manaja a Wayar Ofis

Ina tsaka da shigar da sakamakon gwajin jini a kwamfuta wayar ofis ta yi ƙara. Na ɗauka, sai ga muryar Manaja, har da 'yar gyaran muryar nan tasa.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Don Allah ki taimaka ki haɗa min sakamakon duk waɗanda muka yi wa gwaji bana, da sunayensu da lambobin wayarsu. Ga imel ɗin da za ki tura. Ina wurin taro, masu bincike suna jira."

Ƙanwata? Ni? Mutumin da tun da na fara aiki a ɗakin gwajin nan bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba, sai dai ya ɗaga gira. "Ke" yake kirana, kamar ba a raɗa min suna ba. Yau kuma har da don Allah!

Na ce, "To Yallaɓai, bari in kira ka a layinka." Dokar wurin ke nan, ga ta manne a bango da sa hannunsa: bayanan marasa lafiya ba sa fita sai an sake kiran mai umarnin an tabbatar. Na kira, a kashe. Na sake, a kashe.

Zama ya gagare ni. Na tashi na leƙa ofishinsa, kujera kawai da fanka tana juyi. Na dawo, na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa. Idan shi ne, na ƙi, wallahi gobe ina gida, ga Inna kwance ni kaɗai take kallo. Idan ba shi ba ne kuma? Na tuna matar nan ta makon jiya, wadda ta riƙe min hannu a bakin taga tana rawar baki, ta ce kada kowa a gidansu ya ji abin da aka gani a jininta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Da bakina na faɗa.

Na juya wurin Dogo, abokin aikina da ke teburin gefe. Kullum bakinsa ba ya hutawa da tsokana, amma yau sai goge gilashin na'ura yake ta yi.

"Dogo, kai ba ka ji abin da ke faruwa ba ne?"

"Ina ji," ya ce, bai ɗago ba.

Wayar ta sake ƙara. Na danna lasifika don ya zama shaida.

"Ke! Wace irin daƙiƙiya ce ke? Ni za ki sa jira? In ban ga saƙon nan yanzu ba, ki tattara komatsanki!"

Wannan kam shi ne, sak, ba inda ya bari. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Hannuna ya kai kan kwamfuta da kansa, na buɗe ma'ajiyar bayanan, sunayen mutane suka jeru a gabana.

Sai ƙofa ta buɗe. Manaja ne, jaka a hannu, yana mitar wayarsa ta mutu tun safe. Ya tsaya cak. Muryarsa tana ta zuba zagi daga kan teburina, shi kuma ga shi tsaye bakinsa a rufe. Ya saurara har mai kiran ya gaji ya katse.

"Muryata aka kwaikwaya da na'ura," ya ce a hankali. Ya dube ni. "Kin tura?"

"Ban tura ba."

Ya sauke numfashi, ya ajiye jakar. Ni ma na zauna ina hamdala, har dariya ta so ƙwace min.

Dogo ya miƙe, tsumman gogewar yana hannunsa.

"Yallaɓai, ni tun da safe aka kira ni da muryarka, kafin ta iso."

"Ka sake kira ka tabbatar?"

"Da ihu ka fara, Yallaɓai. Ka san in ka fara ihu ba mai tambayarka." Ya ajiye tsumman a kan tebur. "Na tura duka."