Rigar Firdausi da Tsohon Anko

"Umma, wai da gaske rigata tsohon zanin Gwaggo Sadiya ne?"

Firdausi ce, 'yata mai shekara shida, ta jefo mini tambayar a tsakar gidan suna na dangin mijina, mata sun cika tabarmi. Na ajiye kwanon wainar da ke hannuna.

Gaskiya ne. Bayan girbi Sadiya, yayar mijina, ta aiko mana da buhun kwancen kaya daga Bacirawa. A ciki na tsinci wata atamfa ruwan ganye, bakinta ya koɗe amma tsakiyar da sauranta. Kwana uku ina kanta a keken maƙwabciyata. Na yanke inda ya koɗe, na yi tattara a ƙugu, na ciro zif daga wani siket na gwanjo na sa. Abin da ban sani ba, ankon bikin ƙanwarsu Nana ce, tun kafin a kawo ni gidan. Rabin matan da ke zaune sun taɓa ɗaura ta.

Na kama hannun yarinyar har gaban Sadiya.

"Yaya, me kika gaya mata?"

"Au, ƙarya na yi? Ramlat, duba mana, ba ankon Nana ba ne? Ni da har na so in mai da shi tsumman goge murhu."

Aka kwashe da dariya. Ramlat ɗin, wata 'yar uwarsu, ta jawo bakin rigar tana juya ɗinkin kamar mai taya kaya a kasuwa.

"Sakar mata riga," na ce. "Yaya, kyauta kika ba ni, ko abin nuni kike nema?"

"Ke, ni kike ɗaga wa murya? Tuwon ƙanina kike ci fa."

"Ni na sussuka, ni na daka, ni na tuƙa. Buhunki kuma gobe zai iso miki."

Ba mu jira rabon abinci ba. Muna shiga gida Firdausi ta tuɓe rigar ta cusa ƙarƙashin gado. Na lallashe ta, babanta ya lallashe ta, har yau ba ta ƙara sawa ba. In ta ji muryar 'ya'yan dangi a zaure, ɗaki take shigewa.

Ke mai karanta wannan, in kina da yarinya, kada ki kuskura ki ɗinka mata kwancen dangin miji ki kai ta taronsu. In gwanjo za ki yanka, ki sayi na kasuwa, wanda mai shi ba za ta taɓa zama tabarma ɗaya da 'yarki ba.