Farfesa a Aji Biyu

Da aka gyara tsarin horar da malamai, sai aka kafa sharaɗi: duk mai koyar da dabarun koyarwa a jami'a sai ya yi mako guda a ajin firamare, malamin ajin ya sa masa hannu cewa ya iya, in ba haka ba ya ajiye aiki. Ni aka turo wa Farfesa. Shi ya koya mana sarrafa aji shekara tara da suka wuce, kuma ashe bai taɓa tsayawa gaban yara ba sai na gidansa.

Ya iso da jaka da littafin da ya rubuta. Aji biyu nake riƙe da shi: yara sittin da takwas, benci sha huɗu, da tagar da ba ta rufuwa.

Dabarar Farfesa ba ɓoyayyiya ba ce, duk shekara sai ta fito a jarrabawa. In aji ya kaure da surutu, malami ya harɗe hannuwa ya yi shiru, kunya za ta kama yara su nutsu. Tara cikin goma na ci a tambayar.

Ya harɗe hannuwa. Yara biyu suka ci gaba da kokawa a kan fensir, ɗaya ya shige ƙarƙashin benci ya kama barci. Wata mai giɓi ta taso ta ja masa riga.

"Baba, wa kake jira?"

Bai amsa ba, domin littafin ya hana. Minti talatin da biyar yana tsaye, zufa na bin wuyansa, har aka kaɗa ƙararrawa. Haka aka yi Talata, haka Laraba. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan, sai ga ni ina jin tausayinsa, abin ya ƙara ba ni haushi.

Ranar ƙarshe, da yara suka fita hutun tara, ya ajiye takardar sa hannun a teburina. Na riga na yanke shawarar zan sa hannu. Tsoho ne, kuma ba ni na kawo gyaran ba.

"Malama," ya ce, "kin taɓa gwada dabarar?"

"Na gwada, ranka ya daɗe. Wata guda, a shekarata ta farko."

"Sai me?"

"Kullum sai na yi kuka a bayan aji. Na ɗauka ni ce ban iya ba. Mu bakwai aka turo garin nan daga ajinka, huɗu sun bar aikin."

"Ba wanda ya dawo ya faɗa mini."

"Dawowa a faɗa maka bai fito a jarrabawa ba, Malam."

Na cire murfin biro. Ya janye takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu. Sannan ya tambaye ni a hankali ko ina da lambar waɗancan huɗun.